Yadda Za Ki Je Kallon Fim Ɗin Ɗiyarki Ta Fari Ki Dawo Da Kunyarki

Ke da kika haifi ɗiyar fari, ta girma ta yi boko, har ta tara mutane ta ce a zo a ga aikinta, matso kusa. Ina da hanyar da za ki shiga taron nan, ki ga komai, ki ji komai, ki fito da kunyarki cif kamar yadda kika shiga da ita. Ba wanda zai ce ya ga haƙorinki, ba wanda zai ce kin ambaci sunanta. Hanya ce tabbatacciya, an gwada ta a Birnin Kebbi a gaban mutum ya fi ɗari. Yayata Balaraba ce ta gwada, Allah ya jiƙanta, ni Riskuwa ƙanwarta ina gefe ina riƙe mata da jaka. Inda ta yi tuntuɓe ma zan nuna miki, don ke ki tsallake.

Ga wadda ba ta san Balaraba ba, mai suyar kifi ce a bakin tashar Argungu. Ɗiyarta ta fari Nazifa, ranar da aka yaye ta aka ɗora mini ita a baya na kawo ta Gwadangaji, a hannuna ta tashi. Ni take kira Inna. Wadda ta haife ta kuwa Yaya take ce mata, don haka ta ji ina faɗa. Ita kuma Balaraba, shekara ashirin da huɗu ba ta taɓa buɗe baki ta ce Nazifa ba. Sai dai “ɗiyakki”, ko “waccan”. Haka muka tarar, haka iyayenmu suka yi, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta ko kallonsa ido cikin ido a gaban mutane.

Sai dai yaran yanzu ba su da zurfin cikinmu. Ana saura kwana uku taron, yarinyar ta zauna a bakin gadona ta ce, “Inna, mako mai zuwa zan tafi Kaduna aiki. Ko sau ɗaya ne in ji ta kira ni. Ko zagi ne, ta haɗa da sunana.”

To kin ji abin da ke gabanki. Yarinya na neman kalma ɗaya, ke kuma aikinki ki hana ta.

Mataki na ɗaya: Kada ki zo don taron

Uwa ba ta hawa mota tun daga Argungu don ta ga aikin ɗiyar fari. In labari ya koma tasha, da wane ido za ki dubi sauran masu suya? Nemi wani dalili, ki riƙe shi gam.

Balaraba asibiti ta zaɓa. Ta sauka a ƙofar gidana da hantsi, ta ce, “Awon jini niz zo. In ya so, tunda hanya ta biyo, sai mu leƙa abin nan na ɗiyakki.”

Hanya ba ta biyo ba. Asibiti na wancan gefen gari, zauren taron na wannan gefen. Awon jini da safe ne, taro kuwa bayan la'asar. Ga ta kuma cikin leshinta mai ruwan ƙasa, wanda ba ya fitowa daga akwati sai biki.

Na ce, “Yaya, wa ke sa leshi zuwa awon jini?”

Ta ce, “Likita ba mutum ba na?”

Riƙe wannan amsar, za ta yi miki amfani. In kuma kin taho da ƙullin soyayyen kifi a jaka, wanda kika zaɓi manya-manyan kika cire musu ƙaya, ki ce na maƙwabta ne.

Mataki na biyu: Musanta tun daga bakin ƙofa

Masu hikima sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ke furen kike so, awa uku kawai za ki yi a wurin.

Matasa ne suka haɗa taron, suka sa masa suna “Birni Na Magana”. A ƙofa aka ajiye Joyce, ƙawar Nazifa tun makaranta, 'yar mutanen Filato da ke zaune a unguwarmu. Yarinya ce mai fara'a, sai dai bakinta ba linzami. Tana ganin Balaraba ta daka tsalle ta ce, “Mama! Ke ce maman Nazifa? Kai, kamar an tsaga kara!”

Kada ki firgita. Yi yadda Balaraba ta yi. Ta nuna ni da haɓa ta ce, “Ga uwatta nan. Ni rakiya niy yi.”

Joyce ta dube ni, ta dube ta, ta sake duban hancin nan da babu irinsa a Gwadangaji sai a fuskar ƙawarta. Ta ce, “To Mama mai rakiya, sannu da zuwa. Nan ba wurin kallo ba ne kawai. Komai kika gani ki taɓa, ki shiga, ki hau.” Ta miƙa wa kowannenmu 'yar ƙaramar albasa guda.

Karɓi albasar. Kada ki tambayi dalili, tambaya alamar sha'awa ce.

Mataki na uku: Nemo aibu

Duk abin da ya burge ki, yi maza ki nemo inda ya gaza. Baki ba ya zama haka nan, in ba ki cika shi da suka ba yabo zai zubo.

A tsakiyar zauren sun zana garin Birnin Kebbi a ƙasa, da ɓuntun shinkafa da jar ƙasa da toka. Ga tituna, ga kasuwa, ga tasha, ga Gwadangaji can gefe. An ce kowa ya cire takalmi ya taka cikin garin, ya ajiye albasarsa a inda yake kwana. Kafin a jima wasu unguwanni sun cika da albasa har tana hawa kan juna, unguwar manya kuwa guda uku ce tak, kowace da filinta.

Balaraba ta tsaya tana kallo. Ta san hannun wa ya ja layukan nan, don haka yarinyar ke zane a tsakar gida da tsinke tun tana 'yar mitsitsiya. Sai ta ce, “Ina Argungu?”

Aka ce babu Argungu, wannan birni ne kawai.

Ta juya, ta ratsa mutane, ta je can bakin ƙofa inda aka tara takalma, ta sunkuya ta ajiye albasarta a tsakanin silifas biyu. Ta ce, “Nan ad daidai.”

Sai tafi ya tashi. Wani mai tabarau ya cire tabaraunsa ya ce wannan baiwar Allah ta faɗi babbar magana a kan waɗanda ke ciyar da birni amma birni bai san da su ba. Aka ɗauki albasar hoto ta kowace kusurwa.

Balaraba ta matso ta ce, “Mi yac ce?”

Na ce, “Ya ce kin yi daidai.”

Ta ce, “Albasassu ma ɗanya ta. Ba ta kai mako ta ruɓe.”

Kin ga aiki. An tafa mata, ita ba ta tafa wa kowa ba.

Mataki na huɗu: Ji tsoron abin sawa a kunne

Za ki tarar da Keke Napep a cikin zaure, an cire masa ƙafafu an ɗora shi a kan bulo. A gabansa akwai allo mai nuna titi yana gudu. In kin shiga sai a ɗora miki wani abu a kunne, ki ji hayaniyar kasuwa da ham ɗin 'yan kabu-kabu da kiran masu kifi, kamar kina tsakiyar gari.

Shiga, ba laifi. Amma ki sani, mai abin nan a kunne ba ya jin muryar kansa. Raɗa a wurinsa shela ce a wurin jama'a.

Balaraba ba ta sani ba. Ta zauna, aka ɗora mata a kan ɗankwali, ta kama ƙarfe da hannu biyu don kada kwana ta yar da ita. Ta gefen ido ta hango Nazifa can ƙarshen zaure tana jan wayar lantarki. Ta karkato wurina don ta yi mini raɗa, ta ce da muryar da take kiran fasinja daga tsallaken titi:

“RISKUWA, WACCAN TA RAME! BA KI BA TA ABINCI NA?”

Nazifa ta tsaya da waya a hannu.

Na zare mata abin daga kunne. Ta dubi jama'a, jama'a suka dube ta. Ga inda ake gane gwana. Ta bubbuga jikin keken ta ce, “Keken ga nika nuhi. Dubi ko ƙafa ba ta da.”

Mataki na biyar: In ta zo gaisuwa, dubi fanka

Za ta zo, ba makawa. Kafin ta iso, ki zaɓi abin da za ki kalla. Fankar sama ta fi, don tana motsi, mutum na iya daɗewa yana kallonta ba a ce masa komai ba.

Nazifa ta zo ta durƙusa har ƙasa. Ta ce, “Yaya, sannu da hanya. Kin ga zanen garin? Kwana tara muna yi.”

Balaraba na kallon fanka. Ta ce, “Riskuwa, ce ma ɗiyakki ɗankwalinta ya zame.”

Na ce, “Nazifa, ɗankwalinki ya zame.”

Yarinyar ta gyara. Ta ɗan ƙara jira a durƙushe, ko akwai saura. Babu saura. Ta tashi ta ce, “To, bari in je, za a sa fim bayan magariba.” Ta tafi tana taka ƙasa a hankali kamar mai ɗauke da ruwa a faranti.

A nan zuciyarki za ta yi miki wani iri. Kada ki kula ta. Zuciya ba ta san al'ada ba, shi ya sa aka ɓoye ta a ciki.

Mataki na shida: Duhu abokinki ne, amma kula da hanci

Da aka idar da sallar magariba aka kashe fitilu. Yanzu kina da 'yanci. Yi murmushi, buɗe ido, kalli allo yadda ranki ke so. Abu ɗaya ne duhu ba ya rufewa, jan majina.

Fim ɗin Nazifa ba fuska ko ɗaya a cikinsa, hannuwa ne zalla. Hannun mai faci yana shafa tayar babur a cikin ruwa yana neman kumfa. Hannun mai shayi yana ɗaga kofi sama yana zubo shi ba ɗigo a ƙasa. Hannun mai kitso, hannun mai wankin hula, hannun tela yana lasar zare. Mutane na ta ihu, “Wallahi wannan mai shayin layinmu ne!”

Sai ga wasu hannuwa suna kankare ɓawon kifi. A babban yatsan hagu akwai tabon ƙunar mai, a ƙaramin akwai zoben azurfa da ya siranta don daɗewa. Ashe ranar da yarinyar ta je yawon Sallah Argungu, ta tsaya a gefen kasko tana ɗaga waya wai tana neman sabis, wannan aikin take yi. Hannuwan suka tsame kifi, suka barbaɗa yaji, suka naɗe a takarda. Suka ɗan tsaya. Suka sake buɗe takardar, suka ƙara tsoka ɗaya babba, suka turo ƙullin wajen mai ɗaukar hoton. Duk sauran hannuwan an nuna su an wuce. Waɗannan kuwa an daɗe a kansu har zauren ya yi shiru.

Na waiwaya. Hannuwan Balaraba sun shige cikin mayafi.

Wata mata a gefenmu ta ce, “Allah sarki, hannun nan ya sha wuya.”

Balaraba ta ce, “Wagga macce wutatta ta yi yawa. Kihin ƙonewa zai yi.” Sai ta ja hanci. Ta ce, “Albasag ga tasu yaji gare ta.”

Albasa tana can ƙasa da ɓawonta, ba wanda ya yanka ko ɗaya. Amma a zauren da albasa ta fi ɗari, ba mai iya kama ki da hujja. Shi ya sa na ce miki ki karɓa.

Mataki na bakwai: Kada ki yarda da gora

Buɗe kunnenki, nan ne ramin.

Bayan fim aka kunna fitila, aka ce a zaga kafin masu kiɗa su shirya. A kusurwa akwai ɗan ɗaki na zana da labule. A ciki an rataye ƙatuwar gora, irin wadda masunta ke kwanciya a kanta su bi gulbi, da wata 'yar jar fitila a bakinta. An manna takarda a jikin zanar. Balaraba ba ta yi boko ba, ni ce mai aji huɗu a gidanmu. Ta ce in karanta mata.

Na karanta: “Faɗa wa gora abin da ka fi so a birnin nan.”

Ta ce, “Wa ka ji?”

Na ce, “Gora.”

“Gora dai?”

“Gora dai.”

To ki fahimci Balaraba. Mahaifinmu masunci ne. Shekara arba'in yana ɗora cikinsa a kan gora yana ratsa ruwan da ya fi ƙarfin doki, ba ta taɓa juya masa baya ba. Wadda ta tashi a gidan nan tana iya zargin mutum, tana iya zargin waya, amma ba ta zargin gora. Ta dubi takardar, ta dube ni, ta ce ƙafafunta sun yi nauyi, bari ta ɗan zauna a ciki. Ta ja labule. Ba ta daɗe ba ta fito tana gyara mayafi, ta ce, “Ba komi ciki, duhu na kawai.”

Aka kira mu wurin kiɗa. Wani saurayi Abdussamadu yana zaune a bayan na'ura mai maɓallai da yawa, ga mai kalangu a gefensa. Ya fara sako ƙarar injin niƙa, ya ɗora ham ɗin keke a kai, ya ƙara da kiran mai sayar da ruwa, mai kalangu ya bi su, sai ga shi ya zama kiɗa har ƙafa na motsi da kanta. Sannan ya ce, “Yanzu ga abin da kuka faɗa wa gora.”

Na ji yatsun Balaraba sun nutse a cinyata.

Muryoyi suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce tsiren bakin kasuwa. Wata ta ce ranar da aka kawo wuta. Wani ya ce matarsa, aka yi ta dariya ana neman mai muryar. Sai aka ji gyaran murya, irin wanda duk fasinjan Argungu ya sani.

“Gora, ni ba 'yar garin ga ba ta. Ban da komi cikinai sai abu guda.”

Har numfashinta ana ji.

“Nazifa.”

Ta sake faɗa a hankali, kamar mai ɗanɗana miya. “Nazifa. Nazifatu. Ɗiyata ta, ni nih haihe ta. Kuma ta iya.”

Abdussamadu ya ɗago kai ya hango abokiyar aikinsa Nazifa a tsaye kamar an dasa ta. Ɗan banzan yaro, maimakon ya wuce, sai ya danna wani abu sunan ya dawo. Ya sake dawowa. Mai kalangu ya matse kalangu a hammata ya kama sunan, kin san kalangu da baki. Kafin ki ce kwabo zaure duka na amsawa, Joyce ce a gaba tana tafi tana kuka.

Sunan da aka ɓoye shekara ashirin da huɗu, a daƙiƙa kaɗan ya fita ya fi sau hamsin.

Balaraba ta ce, “Innalillahi. Gora ta ci amana.”

Mataki na takwas: In ta ɓaci, koma wa fanka

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ana iya cewa ba naki ba ne. Matar gefenmu ta leƙo ta ce, “Baiwar Allah, ba muryarki ba ce?” Balaraba ta ce, “Mata nawa ad da irin muryag ga?”

Sai ga Nazifa. Ba ta zagaya ba, ta tsakiyar garin ta keto, ta watsa kasuwa, ta shafe tasha, albasa na gangarawa ko'ina, aikin kwana tara. Ta zube a gaban Balaraba ta kifa kai a cinyarta.

Balaraba ta ɗaga kai tana kallon fanka. Ta kalle ta sosai. Can sai hannun nan mai tabon mai ya fito daga cikin mayafi, ya sauka a kan yarinyar yana gyara mata ɗankwali. Ɗankwalin bai zame ba. Aka daɗe ana gyaransa.

Ta ce, “Riskuwa, ce ma ɗiyakki ta tashi, mutane na kallo.”

Wannan saƙon ban isar ba.

Kashegari na raka ta tasha. Ta shiga mota ta zauna, sai ta leƙo ta taga ta ce, “Riskuwa, takardan nan ta jikin zana, layi biyu nig gani. Guda kik karanta mani.”

Layi na biyu da ƙananan haruffa aka rubuta shi, cewa ya yi za a saka muryarka a wurin kiɗa. Aji huɗu na yi, amma na karanta shi tsaf.

Ta zaro ƙullin kifin maƙwabta daga jaka ta miƙo mini. Ta ce, “Ki ba waccan.”

Awon jinin nan ashe ba fakewa ba ce kawai, akwai ciwo. Wata huɗu bayan haka, farkon damina, Balaraba ta kwanta, kwana biyu Allah ya karɓi abinsa. Ba ta sake faɗin sunan ba har ta koma. Nazifa na da muryar a wayarta a Kaduna. Ta turo mini, ni ma nakan kunna in ina tsintar shinkafa, in ji gyaran muryar nan, in ce mata sannu Yaya.

Sanarwa

Ni Riskuwa ta Gwadangaji ba ruwana da abin da zai biyo bayan wannan shawara. In keke ya tona ki, ko albasa ta ƙi karɓar laifi, ko kika koma gida kika tarar labari ya riga ki isa tasha, kada ki zo mini ƙofar gida. In ɗiyarki ta kifa kai a cinyarki hannunki ya ƙi jin magana, tsakaninki da hannunki ne. Na yi miki alkawarin za ki dawo da kunyarki, kuma da za ki dawo da ita, in da kin bi abu biyu: ki nisanci gora, kuma kada ki tafi da ƙanwar da ta iya karatu. In kuwa kin ga layi biyu, aka karanta miki ɗaya, kika ja labule kika shiga, to ke kika so.